Gyaran kwarmin ƙugu a Delhi: abin da kuɗina ya saya

Tun da na dawo ake turo mini saƙo, yawanci daga 'yan'uwana masu sikila ko iyayensu, kuma tambayar ɗaya ce: asibitin nan ya yi ko bai yi ba? Amsata ita ce ɗakin tiyatarsu ya yi, ya ma zarce yadda na zata. Ofishin kuɗinsu da dillalin da ya shiga tsakanina da su kuwa ba su yi ba ko kaɗan. Ba zan kama sunan asibitin ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganata. Asibitin kuɗi ne a kudancin Delhi, irin waɗanda suka ware sashe guda don majinyata baƙi.

A fara gane aikin da aka yi mini, don da yawa suna ɗauka canjin ƙugu ne irin wanda aka saba ji. Wancan tun ina saurayi aka yi mini shi. Ni SS ne, kuma kamar yadda yake samun da yawa daga cikinmu, jini ya daina isa kan ƙashin cinyata ta hagu, ƙashin ya mutu ya lotse. Aka yanke shi aka sa na ƙarfe, aka liƙa kofin roba da siminti a cikin kwarmin da kan ƙashin yake juyawa. Na more shi shekara da shekaru, na yi aure, na yi aikin koyarwa a tsaye gaban allo. Abin da ba a gaya mini ba ranar da aka sallame ni, wanda har yau yake ci mini rai, shi ne in riƙa dawowa ana ɗaukar hoto ko da ba na jin ciwon komai.

Robar nan goguwa take yi. Duk takun da mutum ya yi, kan ƙarfen yana kankaro wata 'yar ƙura daga jikinta wadda ido ba ya gani. Ƙwayoyin garkuwar jiki su haɗiye ƙurar su kasa narkar da ita, sai su zaburar da ƙwayoyin da aikinsu rushe tsohon ƙashi, su kuma su hau cin ƙashin da ke bayan kofin. Sau da yawa ba a jin komai sai kofin ya saki. Da ya saki kuma sai ya shiga niƙa abin da ya rage, yana hawa sama sannu a hankali. Mu masu sikila ƙashin namu dama ba shi da ƙwari, domin ɓargo ya faɗaɗa wajen fafutukar samar da jini, ya sirantar da bangon ƙashin. Kafin ciwon matsematsi ya kai ga hana ni miƙewa daga kujera, ƙafar hagu ta riga ta gajarce, ina tafiya ina karkata.

Likitana na gida, wanda nake ganin girmansa har gobe, ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, sa sabon kofi ba shi ne wahalar ba. Inda za a kafa shi ne babu." Kamar a ce za a kafa sabon ƙyaure a jikin katakon da gara ta cinye. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce hannunsa zai iya aikin, amma a inda yake aiki babu ma'ajiyar ƙashi, wato inda ake adana ƙashin da wasu suka bayar don cike gurbi, ƙarafan cike gurbi kuma sai an yi odarsu ɗaya bayan ɗaya. Idan ya buɗe ya tarar ɓarnar ta fi abin da hoto ya nuna, ba shi da wani abin da zai miƙa hannu ya ɗauko. Ya ce in je inda komai yake jere a kan kanta. Da wannan ma'aunin na auna asibitin Delhi, kuma a nan ne suka ci jarrabawa.

Likitan da ya karɓe ni dattijo ne, kusan duk aikinsa gyaran tiyatar da ta lalace. Na je da zaton zai ba ni rana a zaman farko. Ya ƙi. Ya ce ba zai taɓa ni ba sai ya tabbatar ba ƙwayar cuta ce ta kwance kofin ba. Aka yi gwajin jinin ESR da CRP, masu nuna alamar kumburi a jiki, amma ya ce a jikin mai sikila waɗannan ba abin dogaro ba ne, don haka sai an zuƙo ruwa daga gaɓar kanta. Aka tsayar da duk wani maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako 2, aka soka allura ana kallo ta na'ura, aka kai ruwan ɗakin gwaji inda shi ma suke iya riƙe shi har mako 2 suna jiran ko wani abu zai tsiro. Duk mai shirin zuwa ya sa wannan jiran a lissafin kuɗin masauki, don babu wanda zai gaya maka tun kana gida. Amma jira ne mai dalili. Saifar mai SS takan mutu tun yana yaro, shi ya sa ƙwayoyi irin su Salmonella suke samun hanyar shiga ƙashinmu. Da an samu cuta, da aikin ya zama kashi biyu: a cire komai, a sa siminti mai magani ya riƙe wurin, a sha magani makonni, sannan a dawo a sa sabo. Wanda ya ɗora sabon ƙarfe a kan cuta ya yi asarar ƙarfen da ragowar ƙashin gaba ɗaya. Nawa ya fito babu komai, alhamdu lillahi.

Sai aka yi hoton CT. A zama na gaba ya jawo takarda ya zana mini matakan ɓarnar bisa tsarin da wani likitan Amurka, Wayne Paprosky, ya fitar a 1994, wanda likitocin wannan fanni suke magana da shi. A mataki na 1 bakin kwarmin yana nan lafiya. A na 2 ya ɗan gurɓace amma zai riƙe kofi. Mataki na 3 shi ne mai tsanani, inda kofin ya tashi daga mazauninsa fiye da santimita 3. Idan ya yi sama ya yi waje, 3A ke nan. Idan ya yi sama ya kutsa ciki wajen mara, 3B, kuma a nan ne ake tsoron ƙashin kwatangwalo ya rabu biyu, na sama daban na ƙasa daban. Ya ce nawa 3A ne a hoto, amma hoto yakan rage ɓarna saboda ƙarfe yana kare wani sashe, don haka zai shiga da shirin 3B.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne samfurin roba da suka buga da na'ura daga hoton CT ɗin, daidai girman ƙashina. Ya miƙo mini na riƙe. Fari ne, mara nauyi. A gefen dama kwarmin zagayayye ne mai kaurin baki. A hagu rufin ya tafi, ramin ya yi tsawo zuwa sama, kuma akwai wani wuri a ciki da na ɗora babban yatsana na ga haske yana ratsowa. Ƙanena da ya rako ni ya karɓa ya jujjuya, ya ce, "Yaya, a kan wannan kake tafiya makaranta kullum?" Kuɗin samfurin daban ne, ba ya cikin lissafin farko, amma da za a sake zan sake biya. A kansa likitan ya gwada girman kowane ƙarfe da inda kowace kusa za ta bi kafin ya taɓa fatata.

Ya jera mini hanyoyin da ake bi, ya faɗi dalilin da ya sa ya ajiye kowacce. Akwai ta cusa niƙaƙƙen ƙashi a daddanna shi sosai a ramin sannan a liƙa kofi da siminti, wadda Tom Slooff da abokan aikinsa suka fara a Nijmegen ta ƙasar Holan a ƙarshen shekarun 1970. Ya ce yana sonta ga masu ƙananan shekaru domin tana mayar da ƙashi na gaske, amma tana buƙatar rami mai bango, ni kuwa bangon sama ya tafi. Akwai kejin ƙarfe irin na Burch-Schneider da ake ɗaurewa sama da ƙasa ya tsallake ramin. Matsalarsa ƙashi ba ya kama shi, kusoshi ne kawai suke riƙe da shi, da tafiya ta yi tafiya yakan saki ko ya karye. Akwai kuma wanda ake ƙera wa mutum nasa shi kaɗai, mai fukafukai uku, daga hoton CT. Wannan sai an jira makonni, ga tsada, an fi ajiye shi ga waɗanda ɓarnarsu ta wuce tawa.

Wadda ya zaɓa ita ce a gina rufin da ya ɓace da wani lanƙwasasshen guntun ƙarfe mai ramuka-ramuka, a ɗaure shi da kusoshi a ƙashin sama, a sa kofi mai irin wannan jikin a ƙarƙashinsa, shi ma a ɗaure da kusoshi da yawa, a zuba ɗan siminti tsakanin su biyun su zama abu ɗaya, a cike sauran gurabe da niƙaƙƙen ƙashi. Idan kuma ya tarar kwatangwalon ya rabu, sai ya ɗora keji a kan kofin ya riƙe har ƙashi ya kama. Kejin yana nan a ɗakin tiyata ko ba a buƙace shi ba.

Ƙarfen tantalam ne, samfurin Trabecular Metal na kamfanin Zimmer Biomet. Ya ba ni na gwaji na taɓa. Launin toka ne, kaushi gare shi har yana kama fatar yatsa, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na jikinsa fanko ne. Kaushin ne yake sa ya cije tun ranar farko, ramukan kuma su ne ƙashi yake tsirowa ya shige ciki, har bayan watanni ya zama ba kusoshi ne ke ɗauke da nauyin ba. A da ana so aƙalla rabin kofi ya zauna a kan rayayyen ƙashin mutum kafin a yarda zai kama. Irin waɗannan ƙarafan ne suka sa ake samun nasara da ƙasa da haka. Wani abu da ya ba ni haushi ya kuma ba ni tunani: dutsen da ake tace tantalam daga cikinsa ana haƙo irinsa a tsaunukan Jos da Nasarawa, tare da kuza. Muna sayar da shi a buhu, ni kuma na sayar da fili na sayo guntunsa a Indiya.

Batun niƙaƙƙen ƙashin ya tsaya wa mahaifiyata a rai, ta ce in tambaya na wane ne. Na tambaya. Kan ƙashin cinya ne da aka cire wa rayayyun mutane lokacin nasu canjin ƙugun, da izininsu, aka gwada jininsu, aka adana a sanyin da ya kai digiri 80 ƙasa da sifili. Malamin da na tuntuɓa ya tuna mini cewa majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta amfani da sashen jikin da aka cire wa wani saboda lalura. Da na isar wa Hajiya wannan sai hankalinta ya kwanta. Abin yabo, likitan bai ɗauki tambayar a matsayin ɓata lokaci ba, har takardar ma'ajiyar ƙashin ya sa aka nuna mini.

Sashen jini ma sun burge ni. Na tafi da fargabar ko ba su san sikila ba, sai na tarar sun santa sarai. Tana da yawa a jihohin tsakiyar Indiya kamar Madhya Pradesh da Chhattisgarh da Odisha, har gwamnatinsu ta ƙaddamar da shirin yaƙi da ita na ƙasa a 2023. Likitar jinin ta zo da kanta, ta tambayi duk ƙarin jinin da aka taɓa yi mini da ko jikina ya taɓa ƙin wani. Kafin tiyata aka ɗora ni a na'urar musayar jini, tana zuƙe nawa ta hannu ɗaya tana mayar da lafiyayye ta ɗayan, har aka saukar da na sikila ƙasa da kashi 30. Ba a tsaya a rukunin jini na A da B da O ba, sai da aka daidaita ƙananan alamomi irin su C da E da Kell, domin jinin ɗan Afirka ta Yamma da na Ba'indiye sukan saɓa a nan. Ƙorafina ɗaya: sai ana gobe za a yi aka gaya mana dole mu kawo masu ba da jini su mayar da abin da za a ɗiba a ma'ajiya. A garin da ba mu san kowa ba! Ƙanena ya ba da nasa, sauran kuma wasu ɗalibai 'yan Najeriya ne da muka haɗu da su a masallaci suka zo suka miƙa hannu, ko kuɗin mota sun ƙi karɓa. Allah ya saka musu da alheri. Wannan sharaɗi ne da ya kamata ya kasance a takardar farko da suka aiko mini.

Ranar aikin abin da nake tunawa kaɗan ne. An lulluɓe ni da bargo mai hura iska mai ɗumi tun daga ɗakin jira, saboda sanyin ɗakin tiyata kaɗai ya isa ya tayar wa mai sikila da ciwo. An shafe sa'o'i. Da na farka, kafin in gane inda nake, wani yana riƙe da ƙafata yana cewa in ɗaga yatsu sama. Daga baya na fahimci dalili: idan aka sauko da ƙugu zuwa mazauninsa na asali ƙafar takan ƙara tsawo, babbar jijiyar da ta bi ta bayan cinya ta miƙe, wani lokaci ta ji rauni tafin ƙafa ya saki. Yatsuna sun ɗagu. Likitan ya zo da yamma ya ce kwatangwalon bai rabu ba, ba a sa keji ba, sandar ƙarfen da ke cikin cinya tun aikin farko tana nan daram sai ya bar ta ya canza kanta kawai. Ya ce sun ɗebi tsoka daga wurare daban-daban an sake kaiwa gwajin ƙwayoyin cuta.

A ɗakin kwanciya ne abin ya fara rabuwa biyu. Da rana komai tsaf. Ma'aikatan jinya suna zuwa a kan lokaci, ana auna iskar jini, ana matsa mini in sha ruwa, ana ajiye mini wata 'yar na'ura mai ƙwallaye uku da zan riƙa zuƙar iska ina ɗaga su don kada huhu ya kwanta, wanda shi ne abin da aka fi tsoro ga mai sikila bayan tiyata. Da dare kuwa sai ka ce wani asibitin ne. Ma'aikata su ragu, tafinta ya tafi gida, wasu daga cikin na dare Turancinsu kaɗan ne. A dare na biyu ciwo ya taso mini a ƙirji da baya, ciwon da na sani tun ina yaro, wanda ba na wurin yanka ba ne. Na danna ƙararrawa. Wadda ta zo ta dubi takarda ta nuna agogo, wai lokacin allura bai yi ba. Ƙanena yana nuna mata ƙirjina yana maimaita sunan cutar, tana gyaɗa kai tana nuna ƙugun. Na'urar sanyaya ɗaki kuma daga sama ake sarrafa ta, ba mu da ikon kashewa. Sai da ya sauka ƙasa da ƙafa ya nemo likitan da ke kwana, shi ya kira likitar jini a waya, aka ƙara iska da ruwa da magani mai ƙarfi, aka toshe hanyar sanyin. Da safe ta zo ranta a ɓace, ta rubuta umarni da manyan baƙaƙe a jikin gadona, abin bai sake faruwa ba. Amma asibitin da yake karɓar kuɗin baƙi bai kamata ya bar mai sikila da dare ba tare da wanda zai ji maganarsa ba.

Masu gashin ƙashi sun iya aikinsu. Washegarin tiyata suka tsayar da ni da abin dogarawa mai ƙafa huɗu. An hana ni ɗora nauyi a ƙafar na mako 6, yatsu kawai za su taɓa ƙasa, don kada ƙarfen ya motsa kafin ƙashi ya kama shi. Saurayin da ke kula da ni ya kawo ma'aunin nauyi ya sa a ƙarƙashin ƙafar, ya ce in danna in ga lambar da ba a so in wuce, har ƙafata ta haddace. Kada in lanƙwasa ƙugu ya wuce yadda ake zama a doguwar kujera, kada in harɗe ƙafa, bayan gida na zama kawai kuma a ɗaga shi.

Wani abu da likitan ya yi tun kafin aiki ya ƙara masa daraja a idona. Ya tambaye ni yadda nake salla, ya sa ƙanena ya nuna masa ruku'u da sujada da zaman tahiya a ofishinsa, ya tsaya yana kallon yadda ƙugu yake lanƙwashewa. Ya ce aikin gyara ya fi na farko haɗarin gocewa saboda tsokoki sun sha yanka. Don haka ya sa mini kai mai juyi biyu, ƙaramin ƙwallo a cikin babba, dabarar da Gilles Bousquet ya ƙirƙiro a Saint-Étienne ta Faransa a 1974. Duk da haka ya ce in yi salla a kujera, kuma har yanzu a kujerar nake yi. A makonnin farko ƙanena ne yake wanke mini ƙafar hagu idan zan yi alwala.

Yanzu maganar kuɗi, inda na fi jin zafi. Takardar ƙiyasin da aka aiko mini gida layi huɗu ce: tiyata, ƙarfe, ɗaki, magani. Ba ta ambaci musayar jini ba, ba ta ambaci samfurin roba ba, ba ta ambaci kwanan ɗakin kulawa ta musamman ba, alhali sun san ni SS ne tun daga saƙon farko. Lissafin ƙarshe ya wuce ƙiyasin nesa ba kusa ba. Ƙanena, wanda ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari kuma ba ya biyan abin da bai ƙirga ba, ya nemi a buga masa lissafin dalla-dalla, ya zauna da takardar bayanin tiyata yana gwadawa layi-layi. Sai ga kejin da ba a sa mini ba a cikin jerin. Ya nuna musu, suka ce kuskuren kwamfuta ne, suka cire. Ragowar kuɗin ajiyarmu kuma sai da muka dawo gida aka yi ta bibiya kafin ya fito.

Dillalin Bahaushe ne, ya daɗe a can, bakinsa da zaƙi. "Alhaji, kada ka damu, komai yana hannuna." Shi ya tarbe mu a filin jirgi, na gode masa da wannan. Amma masaukin da ya kama mana hawa na biyu ne babu na'urar hawa, ga mutumin da za a yi wa aikin ƙugu, kuma daga baya muka gane maƙwabcinmu ɗan Sudan yana biyan ƙasa da namu a ɗaki iri ɗaya. Ya ce ba ya karɓar ko sisi a hannunmu. Gaskiya ne, a hannun asibiti yake karɓa, asibiti kuma a cikin lissafinmu yake fanshewa. Ranar da muke neman masu ba da jini wayarsa a kashe take. Wanda yake jin Turanci, ko yake da ɗan'uwa mai ji, ya rubuta wa sashen baƙi na asibitin kai tsaye. Su ne za su aiko da takardar gayyatar da ake neman bizar jinya da ita, kuma ana ba masu rakiya har mutum biyu tasu bizar. A nemi ƙiyasi a rubuce wanda ya faɗi abin da ba ya ciki, a biya a asusun asibiti, a karɓi rasit. Kada a manta da katin rigakafin shawara.

A duba lokacin tafiya ma. Delhi a Disamba da Janairu sanyi ne mai shiga ƙashi ga hayaƙi da ya rufe gari, a Mayu da Yuni kuma zafi yana haura digiri 40. Dukansu ba abokan mai sikila ba ne. Abinci bai zame mana matsala ba, akwai na halal a unguwar Nizamuddin, sai dai yajinsu daban yake da namu, muka koma dafa shinkafa da wake a masauki.

A wajen sallama sun sake yin abin a yaba. Sun ba ni fayil mai ɗauke da bayanin tiyata, da faifan hotuna, da shafi guda da aka manna takardun lambobin kowane ƙarfe da ke jikina, har kusoshi. Na san darajar wannan shafin domin a aikina na farko ba a ba ni ko ɗaya ba, sai da likitan Delhi ya yi ta kwatanta hotuna yana neman gane kamfanin da ya ƙera tsohuwar sandar, ya tanadi kawuna iri-iri ko wanne zai dace. Sun kuma ba ni takardar izinin hawa jirgi, da maganin hana daskarewar jini, da safa mai matse ƙafa. Ta Addis Ababa muka biyo zuwa Kano, da keken guragu a kowane sauka, ina kujerar gefen hanya ina motsa ƙafa ina shan ruwa.

Bibiya bayan dawowa ba ta kai yadda aka yi alkawari ba. An ce in riƙa tura hotuna ta WhatsApp. A watannin farko ana amsawa cikin kwana ɗaya ko biyu, daga baya sai amsar ta koma kalma biyu daga wani ƙaramin likita da ban taɓa gani ba. Wanda yake duba ni da gaske shi ne likitana na gida. Shi ya cire zare, shi ya ba ni izinin fara taka ƙafar, shi yake jera sabon hoto kusa da tsoho yana neman ko wani siririn baƙin layi ya bayyana tsakanin ƙarfe da ƙashi. Har yanzu bai ga ko ɗaya ba, ƙarfen bai gusa ba. Duk wanda zai tafi ya tabbatar yana da irin wannan likitan kafin ya sayi tikiti.

Jikina a yau: ciwon matsematsi ya tafi ɗungurungum. Ƙafafun sun kusa daidaita, ɗan tudu kawai nake sawa a cikin takalmin hagu. Ina ɗingishi idan na gaji, saboda tsokar gefen ƙugu ba ta dawo da ƙarfinta duka ba, kuma an gaya mini tun farko mai yiwuwa ba za ta dawo ba. Na koma aji, ina tsayuwa darasi biyu a jere, na uku in zauna. Babur na haƙura da shi.

Wanda ɓarnarsa ta kai tawa, ko aka ce masa kwatangwalo ya rabu, zan ce ya je wurin wannan likitan ko irinsa, ya kuma tambaye shi kai tsaye gyara nawa irin wannan yake yi a shekara, da abin da zai ɗauko idan ya buɗe ya tarar abin ya fi hoto muni. Wanda kuwa canjin farko zai yi, ban ga dalilin sayar da gona a tafi Indiya ba. Ana yin sa a asibitocin ƙashi na Dala da Igbobi da Enugu da asibitocin koyarwa da dama, kuma likitan da ya yi maka yana kusa idan wani abu ya taso. Ƙuguna na dama ma ya fara nuna alamar mutuwar ƙashi a hoto. Mun yi magana da likitana, idan ta kai ga canji a gida za a yi, kuma na riga na gaya masa ba zan bar gadon asibiti ba sai da takardar lambobin ƙarfen a hannuna.